Abin da Ya Hana Malam Hagiwara Cin Kifi

Ƙarfe sha ɗaya na safiyar Talata, ana ta yayyafi a unguwar Nerima, irin ragowar ruwan nan da guguwa kan bari in ta wuce. Inna Fumie ta hau matakalar benen a hankali, lema a hannu ɗaya, jakar cefane a ɗayan, tana ɗan tsayawa bayan kowane taki biyar saboda gwiwa. A cikin jakar akwai kifin sanma guda biyar, na farkon kaka, masu ƙiba, sai sheƙi suke yi. Sai da ta bi layi kafin ta same su.

Shekararta tara ke nan tana dafa wa mutanen ɗakin zanen Malam Hagiwara abinci. Ita ba ta karanta manga, wato labaran zane irin na Malam. Ta taɓa gwadawa sau ɗaya, ta rasa daga wane akwatin zane za ta tsallaka zuwa wane, ta rufe ta ajiye. Amma ta san abin da kowa ya sani. Labarin Malam, Mashigin Gishiri, shekara goma sha shida yana fitowa a mujalla kowane mako, shafi goma sha tara, bai taɓa fashi ba ko sau ɗaya. An mai da shi fim a talabijin. Fuskar jarumin, Raizo, tana jikin jakunkunan 'yan makaranta, har a jikin kwalin madara ta taɓa ganinta.

A gidan wanka na unguwa mata sukan tare ta da tambaya. Wata ta ce ai mutum mai irin wannan suna sa hannu kawai yake yi, wasu su yi masa aikin. Wata ta ce ina, ai irinsu a kan tebur suke mutuwa. Inna Fumie sai ta yi murmushi ta ci gaba da cuɗa ƙafarta, don ita kanta ba ta sani ba. Wahala yake sha, ko daɗi yake ji? Abin da take gani kullum shi ne bayansa a sunkuye. Ta fi sanin ƙeyarsa a kan fuskarsa.

Abin da ta iya karantawa shi ne faranti.

Malam mutum ne mai son kifi. Bara war haka, in ta ba shi sanma, da tsinkayen cin abinci yake bin sa daga wuya har wutsiya, ya zare ƙayar tsaf ba ta karye ba, ya ɗaga ta sama yana nuna wa mutane kamar wanda ya ci gasa. Amma mako uku ke nan ya canza. Da farko ya ce ta riƙa yi masa curin shinkafa, wai ba shi da lokacin zama. Daga baya ya koma shinkafa da miyar kori, abin da ake ci da cokali. Ta yi masa yadda ya ce. Yau dai, tun a gaban mai kifi, ta ce a ranta bari ta gani.

Ta gasa kifin da gishiri, ƙamshi ya cika gidan. Mataimakan Malam su uku suka fito kicin suka zauna, ita kuma ta kai masa nasa a tire, ta ajiye a gefen teburin zane. Ya ɗaga kai kaɗan alamar ya gani. Bayan rabin awa ta koma ta ɗauko.

Ta tsaya a gaban wurin wanke-wanke tana duban tiren. Ya juye miya a kan shinkafa ya shanye daga kwanon. Kifin kuwa yana nan yadda ta kai shi, ko fatarsa ba a taɓa ba. Ta ɗauki tsinkayen ta shafa bakinsu da yatsa. A bushe suke.

"Inna, in Malam ba ya so, ga maraya nan," in ji Nogami, yana miƙo hannu ta bayanta. Shi ne babban mataimaki, shekararsa hamsin da biyu, tare da Malam suka fara tun shafin farko.

"Maraya mai sanƙo. Ɗauke hannunka." Ta janye farantin. "Zauna, ina da tambaya."

"Ba ni na cinye wainar jiya ba."

"Kai ne, amma ba ita nake nufi ba. Lafiyar Malam kuwa?"

Nogami ya zuba wa kansa shayin sha'ir, ya daɗe yana juya kofin. "Lafiyarsa ƙalau. Ni ne dai ba ni da lafiya. Mako uku ke nan ya sa wa Raizo kwalkwali, ya rufe masa fuska ruf, ko ido ba a gani. Ya sa masa safar ƙarfe a hannu. Mugun labarin ma ya juya wa masu karatu baya, wai yana kallon teku. Wa yake zana ƙarfe? Ni. Wa yake zana teku? Ni."

"Shi fa me yake zanawa?"

"Komai da fensir, kamar kullum, jikin mutane kuma da tawada. Ai kin san dokar ɗakin nan. Fuska da hannu na Malam ne, ba mai taɓa su ko da gobara ake yi. Gidaje, ruwa, tufafi, namu ne. Inda kuma yake son baƙi sai ya sa ɗan gicciye da fensir, mu cike. To yanzu shafi duk gicciye, kamar takardar jarrabawata ta firamare."

"Wato mako uku bai zana fuska ba."

"Salo ne, Inna. Manya haka suke." Ya faɗa yana kallon cikin kofinsa, bai dube ta ba. Sai ya shanye ya koma ciki.

Inna Fumie ta rufe kifin ta sa a firji. Mako uku ba fuska, mako uku ba tsinke. Ta yi ta juya abin a ranta har ta gama wanke-wanke, har ta kai gida.

Washegari da ta buɗe firiza za ta ɗauko nama, sai ta lura da ledar koren wake. Ita kullum a hagu take ajiye ta. Yau tana dama, kuma waken ya dunƙule wuri ɗaya kamar abin da ya narke aka sake daskarar da shi. Ta mai da ita hagu. Bayan abincin rana ta leƙa, ta koma dama.

Don haka da misalin ƙarfe uku, lokacin da mataimaka sukan fita miƙe ƙafa zuwa kanti, ba ta tafi gida ba. Ta ja kujera bayan ƙofar kicin ta zauna da kwandon albasa a cinya. Ba a jima ba ta ji takun safa a kan katako. Malam ya shigo saɗaf-saɗaf, ya buɗe firiza da hannun hagu.

"Waken nan dai ya sha yawo," in ji ta.

Ya tsaya cak, ledar na reto a hannunsa. Mutum ne siriri mai furfura a gefen kunne, da tabarau da ya zamo har kan hanci.

"Inna, ashe kina nan."

"Kicin ɗina ne, Malam. Ina za ni?"

Ya yi 'yar dariya, ya zauna a kan kujerar da ke kusa da firji. Ta karɓi ledar ta naɗe a tawul, ta ce ya miƙo hannu. Ya miƙo na dama. Daga gindin babban yatsa har wuyan hannu a kumbure yake, da zafi kamar an gasa.

"Likita ya gani?"

"Ya gani. Jijiya ce. Ya ce in ajiye alƙalami wata guda cur, yanzu. In na ƙi, kafin sabuwar shekara sai an yi mini aiki, kuma ko an yi bai yi mini alkawarin zan sake jan siririn layi ba."

"Siririn layi kamar na me?"

"Kamar na ido."

Ta ɗora masa tawul ɗin ta riƙe. A waje ana jin ɗigar ruwa daga indararo.

"Kwalkwalin da ka sa wa Raizo yana rage maka ciwon?"

"Kaɗan. Alƙalami dai yana hannuna daga safe har yamma."

"To wa ya hana ka hutawa? Mutanen mujalla?"

"Su? Shimazu duk shekara sai ya roƙe ni in huta." Shimazu shi ne editan da yake zuwa karɓar shafuka kowace Alhamis.

"In na yi wata tambayar ba za ka ji haushi ba? Shekara tara tana cina."

"Yi."

"Daɗi kake ji, ko wahala kake sha?"

Ya tura tabarau sama da bayan hannun hagu. Ya dube ta kamar wanda aka tambaya hanyar garin da ya bari tun yana yaro.

"Ranar da zanen ido ya fito daidai, babu abin da ya kai shi daɗi," in ji shi. "Sauran kwanakin kuwa, ban taɓa tsayawa na duba ba." Ya gyara zama. "Kin san yadda na shiga mujallar nan? Ina wanke kwanuka a wani shagon taliya. Na kai musu labari, suka sa a durowa, wata takwas ba wanda ya kira ni. Rannan wani babban mai zane ya kwanta ciwo, shafukansa suka zama fili, aka jawo nawa aka cike gurbin. Mutane suka so. Daga nan ne. Kullum akwai wani a durowa, Inna. Ni na sani, don na zauna a ciki."

"Oho." Ta juya tawul ɗin ta ɓangaren da ya fi sanyi. "To shi wancan babban, da ya warke, ya tarar ka cinye masa wuri?"

Malam ya girgiza kai.

"A'a," ya ce a hankali. "Ya dawo. Ya ƙara shekara goma sha ɗaya. Har ya aiko mini da kwalin lemo, wai ya gode da riƙon wuri."

"Lemon da daɗi?"

"Me kike son ki ce?"

"Ni? Tambaya kawai nake yi. Ni ko karanta abin ban iya ba."

Aka ji muryar Nogami a matakala. Malam ya zare hannunsa da sauri, ya ja hannun rigarsa ya rufe kumburin.

"Kada ki faɗa wa kowa. Musamman Shimazu."

"Bakina ba zai faɗa ba," in ji ta.

Ran Alhamis ta sake bin layin mai kifi. Wannan karon shida ta saya. A hanya tana ta yi wa kanta faɗa, tana kuma kare kanta. Alkawarin baki ta yi, ba ta yi na kifi ba. Amma ta san wannan wayo ne, kuma ba ta tabbata tana da hurumin yin sa ba. Ita dai mai dafa abinci ce. Sau biyu ta tsaya kamar ta koma ta sayi kayan miyar kori. Sai ta tuna zafin hannun nan a tafinta, ta ci gaba da tafiya.

Al'adar ɗakin ce, ranar da aka miƙa shafuka kowa ya zauna a tebur ɗaya a ci abinci, har da edita. A duk mako wannan ne kaɗai abincin da Malam yake ci a zaune da mutane.

Ƙarfe biyu Shimazu ya iso, kafaɗun kwat ɗinsa a jiƙe. Bai shiga ɗakin zane ba. Edita ba ya tsayawa a kan mai zane, don kada a ce yana matsa masa. Ya zauna a kujerar gefen firji, jakarsa a cinya, ya karɓi shayi da hannu biyu. Shekara huɗu ke nan yana zama a wannan kujera, kuma shekara huɗu tana ganin wani ƙaton ambulan mai ruwan ƙasa yana leƙowa daga jakar, ba ta taɓa ganin an buɗe shi ba.

"Shimazu, wai me ke cikin ambulan ɗin nan? Takardar gadonka ce?"

"Ina na ga gado, Inna. Na ko-ta-kwana ne. In wani mai zane ya kasa kawo shafuka, wannan ake sawa a gurbinsa."

"Na wane ne?"

"Na yanzu na wata mata ce a garin Toyama, tana raba wasiƙu a gidan waya. Shekararta arba'in da ɗaya. Gajerun labarai ne kusan shida, na wani tsoho mai gyaran lema. Wata goma sha huɗu suna jakata."

"Gyaran lema? Ba faɗa, ba takobi?"

"Akwai faɗa. Da lema ake yi."

"Suna da kyau?"

Shimazu ya waiga wajen ƙofar ɗakin zane, ya rage murya. "Duk Alhamis a jirgin ƙasa sai na sake karantawa."

Ƙofar ba a rufe take ba. Ta ɗan tsagin, Inna Fumie ta hango ƙeyar Malam. Alƙalaminsa ya tsaya.

Ƙarfe uku da kwata Malam ya fito da shafukan. Shimazu ya miƙe ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna, ya duba su ɗaya bayan ɗaya a tsaye. Fuskarsa ta washe.

"Malam, ina da albishir. Babban edita ya ce kada a cire kwalkwalin nan har sabuwar shekara. Katunan ra'ayi da masu karatu ke aikowa sun sa mu na ɗaya mako uku a jere. Wani malamin jami'a ma ya yi rubutu, ya ce kwalkwalin yana nufin kaɗaicin ɗan Adam a wannan zamani."

"Yana nufin ƙusa ɗari biyu a kowane shafi," in ji Nogami. "A ba ni adireshin malamin jami'ar, ya zo ya zana kaɗaicin da hannunsa."

Aka yi dariya, har da Malam. Inna Fumie ba ta yi ba. Har sabuwar shekara. Daidai lokacin da likita ya ambata. Ga shi an buɗe masa hanyar ɓuya, an kuma yi masa tafi a kai. Ta ga yadda kafaɗunsa suka sauka kamar wanda aka sauke wa kaya, ta san ya fara tunanin karɓa.

Ta jera faranti shida, kowanne da kifinsa, kowanne da tsinkayensa. Ba ta fito da cokali ko ɗaya ba.

Malam ya dubi farantinsa, ya ɗago ya dube ta. Ta juya tana goge murhun da ba shi da datti.

Kowa ya haɗa tafin hannu aka yi godiyar abinci, aka fara ci. Malam ya ɗauki tsinkayensa. Ya kai su wuyan kifin, ya danna. Babban yatsansa ya ƙi riƙewa. Tsinke ɗaya ya suɓuce, ya gangara a kan tebur, ya je ya tsaya a jikin kwanon miyar Shimazu.

Sauran mataimaka biyun suka sunkuyar da kai. Shimazu ya dubi tsinken, ya dubi hannun, inda rigar ta ɗan zame kumburin ya fito. Murmushin ya bar fuskarsa.

"Malam," ya ce, "wato kwalkwalin..."

"Tun shafin farko na gane," in ji Nogami, idonsa a kan kifinsa. "Layinka yana rawa. Shekara goma sha shida ina bin layin nan, ka ce ba zan gane ba?"

"Shi ne ba ka yi magana ba?" in ji Inna Fumie. "Ka ce mini salo ne."

"Wa zai ce wa Malam layinsa yana rawa? Na ce dai bari in ƙara ƙusa, ya rage aiki."

Malam ya ajiye ɗayan tsinken. Inna Fumie ta jira ya yi fushi, ko ya tashi ya koma ciki ya rufe ƙofa. Ta riga ta shirya abin da za ta ce in ya sallame ta. Amma ba ita yake kallo ba. Jakar Shimazu yake kallo.

"Mai gyaran lemar nan," ya ce. "Ba ni in gani."

Shimazu ya zaro ambulan ɗin ya miƙa masa. Malam ya ture farantinsa gefe, ya shimfiɗa shafukan, yana juya su da hannun hagu.

"Ba ta iya zana hannu ba," in ji shi a shafin farko. "Dubi wannan, yatsu kamar ayaba." Ya juya. "Akwatin nan ya yi yawa." Ya juya. Ya matso da shafin kusa da tabarau. "Nogami, zo ka ga ruwan nan. Da me ta yi shi? Wannan ba alƙalami ba ne."

Nogami ya leƙo ta kafaɗarsa da kifi a baki. "Kamar tsohon buroshin haƙori."

"Buroshin haƙori ba ya ba da wannan. Shimazu, da me ta yi?"

"Ban taɓa tambaya ba, Malam."

"Wata goma sha huɗu ba ka tambaya ba? Wane irin edita ne kai?"

Ya ci gaba. A wani wuri ya yi dariya ta hanci. A wani wurin ya koma baya ya sake dubawa. Inna Fumie ta tsaya da tsumma a hannu tana kallonsa. Shekara tara, yau ne ta fara ganin fuskarsa yana karanta abin da ba shi ya zana ba. Kamar ta yaron da ya leƙa ta katangar maƙwabta.

Ya kai shafin ƙarshe, ya juya bayansa, babu komai.

"To sai me ya faru da tsohon? Ya samu lemar?"

"Yana cikin na biyu, Malam."

Malam ya jingina da kujera. Ya ɗaga hannun damansa, ya naɗe hannun rigar har gwiwar hannu, ya ajiye shi a kan tebur a gaban kowa.

"Likita ya ce wata guda," in ji shi. "Ka sa ta a gurbina. Mako huɗu. Na biyar in dawo, in cire wa Raizo kwalkwalin nan kafin ya kashe Nogami."

Shimazu ya rusuna har goshinsa ya kusa shiga miya. Sannan ya ɗago.

"Babban edita zai yi ihu, amma ni zan ji da shi. Me za mu rubuta wa masu karatu? Yadda aka saba, cewa marubuci ya tafi bincike?"

"Rubuta haka. Ba ƙarya ba ce. Ina so in sayi mujallar a kanti in ga yadda take in ba ni a ciki. Ban taɓa gani ba." Ya dubi shafukan matar. "In kuma ta fi ni fa? In katunan suka ce ita suke so?"

"Ban sani ba, Malam," in ji Shimazu.

"Ni ma ban sani ba." Ya faɗa yana gyaɗa kai, kuma ba kamar mai tsoro kaɗai ba. "Mu gani. Ku kuma akwai gyaran shafukan littafi na saba'in da takwas, kada wani ya ɗauka biki ne. Shimazu, ka samo mini adireshin matar nan. Akwai abin da zan aika mata. Ka kuma tambaye ta maganar ruwan."

Sai ya dubi mutanen tebur ɗaya bayan ɗaya.

"Wai ranar Talata da hantsi, me mutane suke yi?"

"Mu za ka tambaya?" in ji Nogami. "Tare muke a kurkukun."

Duk suka juya wajen Inna Fumie.

"Bin layin mai kifi," in ji ta.

Malam ya ce zai gwada, ya jawo labari na biyu ya buɗe. Hira ta koma kan buroshin haƙori, Nogami na rantsuwa shi ne, ɗaya daga cikin mataimakan na cewa soso ne.

Inna Fumie ta ɗauke farantin Malam ta kai gefen murhu. Kifin ya huce, ta ɗan ɗumama shi. Ta tsaga shi ta tsakiya, ta zare babbar ƙayar ba ta karye ba, ta bi ƙananan na ciki ɗaya bayan ɗaya har ta tabbata babu saura. Ta gutsuttsura naman a kan shinkafa mai zafi, ta sa cokali a gefen hagu, ta ajiye kwanon inda hannunsa zai kai ba tare da ya taɓa shafukan ba.

Bai ɗago ba. Hannunsa na hagu ya lalubo cokalin, ya kai baki, idonsa a kan tsohon mai gyaran lema. Ita kuma ta koma wurin wanke-wanke, ta buɗe famfo, sannan ta leƙa firiza ta mai da ledar koren wake hagu.